Jan Baki a Takardar Mota

Ranar da matar Nagumo ta buga wa takardar gwamnati jan baki ina tsaye a bayanta, don haka kada wani ya ce muku ƙari na yi.

A ofishin motoci na birni ne, taga ta uku, inda ake mayar da sunan mota daga tsohon mai ita zuwa sabo. Yarinyar da ke bayan tagar ta nuna mata wani ɗan zagaye a ƙasan takarda, ta ce ta buga hatiminta a nan, don a wurinmu hatimi shi ne sa hannu. Ita kuwa ta baro tabaranta a gida, a kan tukunyar shinkafa, inda take barin shi kullum. Ta zura hannu a jaka ta lalubo wani abu mai tsawon yatsa, ta zare murfinsa, ta dangwala shi sau biyu a jar tawada. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi yadda ta saba ganin mijinta yana yi, sannan ta danna da ƙarfin macen da ta shekara arba'in tana ɗaukar buhun shinkafa. Da ta ɗaga hannu sai ga jan baki ya dagargaje a kan takarda, ya cinye zagayen, ya haɗa da rabin adireshinta.

Dillalan motoci da ke layi, waɗanda kullum a can suke wuni, duk tari ya kama su lokaci guda. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri kamar ita ta yi ɓarnar. Ni kam ban iya tarin ƙarya ba. Na yi dariya har sai da na dafa bango.

Ni ne Rikizo mai facin keke, shinge ɗaya ya raba gidana da nasu. Makaranta na bar ta ina ɗan sha biyar, ita ma ba ta yi kewata ba, saboda haka in kun ga rubutun nan yana tafiya kamar keken da tayarsa ta lanƙwashe, ku yi haƙuri. Ni na kai ta birni ranar, a motar Tatsuko matata. Na ce motar Tatsuko don sunanta ne a takarda. Shagon ma haka. Nawa hatimin sau biyu na ɓatar da shi a shekara guda, na biyun a bokitin kifi aka tsinto shi, tun daga ranar ta karɓe ta ɓoye. Sai in za a buga take fito da shi, ta riƙe mini hannu kamar mai koya wa yaro cin abinci da tsinke. Amma ba labarina nake ba ku ba.

Aka kawo sabuwar takarda. Matar Nagumo, kunnuwanta sun yi ja sun fi jan bakin, ta sake laluben jaka ta fito da hatimin gaske: na baƙin ƙahon bauna, da murfinsa wanda babban yatsa ya goge har ya yi fari a gefe ɗaya. Ta haɗa da takardar shaidar da ƙaramar hukuma ke bayarwa, mai nuna cewa hatimin yana da rajista. Yarinyar ta duba takardar, ta sake dubawa, ta rage murya. Ta ce sunan da ke jiki Nagumo Shozo ne, kuma takardar ta shekara uku, alhali ba a karɓar wadda ta wuce wata uku.

“Ai na maigidana ne,” in ji ta. “Shekara arba'in da huɗu ni nake kai shi ko'ina. Ya rasu, amma hatimin lafiyarsa lau.”

“Na gane, Mama. Sai dai motar ba shi ya saya ba.”

Yarinyar ta yi mata bayani a hankali, cewa hatimin rajista tare da mai shi yake mutuwa, sai ta je an sassaƙa mata nata, ta kai ƙaramar hukuma a shigar da shi da sunanta, sannan ta dawo. Tarin dillalai ya tsaya. Ni ma dariyar ta maƙale mini. Ta mayar da murfin a kan hatimin, ta rusuna wa yarinyar, ta rusuna wa layin gaba ɗaya, muka fito.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wadda ake magana.

Daga wani ƙauye na bayan dutse aka auro ta tana da ashirin da huɗu. Uwarta tsutsar siliki take kiwo a saman ɗaki, shi ya sa aka raɗa mata Kinuyo, sunan da ke da siliki a ciki. Amma sunan a can bayan dutse ya tsaya. Nan unguwa matar Nagumo ce. Da ta haihu ta zama Maman Noboru. Surukarta, wadda ta yi jinya shekara tara tana juya ta a kan shimfiɗa, “yarinya” take ce mata har ta rasu. Shozo kuwa mutum ne da magana ke yi wa tsada, “ke” yake cewa, ko ya yi gyaran murya, ita kuma ta san bambancin gyaran muryar shayi da ta neman safa. Kada ku ɗauka ba ya son ta. Na sha ganinsa da sanyin safiya yana kankare ƙanƙarar gilashin a-kori-kurarsu, ya kunna ta ta ɗumama, sannan ya koma ciki kamar ba shi ya yi ba, don ita ce mai fita da motar. Ita ke tuƙa ta zuwa gona, zuwa injin casa, zuwa asibiti. A kan gaɓar gona mai faɗin tabarma biyu take juya ta da baya ba ta ko leƙa madubi. Duk da haka motar sunan Shozo ce. Gona sunansa, gida sunansa, har kuɗin shinkafar da ta shuka da hannunta da hatiminsa take zuwa karɓa. Babu wanda ya ga abin magana a ciki, har ita.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. A-kori-kurar ta bi shi a sanyin bara, ta mutu a bakin injin casa ta ƙi tashi. Ana cikin haka aka soke bas ɗin da ke haye dutse, don babu fasinja. Ita kuwa tana da yayarta Fumi a can, a gidan kula da tsofaffi, ita kaɗai ta rage mata daga ɗakinsu. In ta jirgin ƙasa za a bi, sai an zagaye dutsen, a sauya jirgi sau biyu, rabin wuni ya tafi. Da ta ji Malam Iwase, tsohon shugaban makaranta, ya cika tamanin ya mayar da lasisinsa, sai ta je da kwalin kayan zaƙi ta sayi farar motarsa mai jan taya huɗu. Motar ta shekara goma sha ɗaya amma kujerun baya ko zama ba a taɓa yi a kansu ba. Ba ta bi ta hannun dillali ba, ta ce takardu ai ba su fi dashen shinkafa wuya ba.

Matakin farko kam ta yi shi daidai. Sai 'yan sanda sun shaida kana da wurin ajiye mota kafin a mayar maka da suna, kuma da hannunka za ka zana musu taswirar unguwa. Ta zana titi, ta zana gada, ta zana rumfar da a-kori-kura ke kwana, da tsawo da faɗi. A kan gidana kuwa ta rubuta “mai surutu”. Wanda aka turo da igiyar awo bai tambayi kowa hanya ba. Ya ji muryata daga bakin gada ya biyo.

Malam Iwase da kansa ya kawo motar ya ajiye a rumfa, ya miƙa makulli da hannu biyu. Tun ranar ba ta motsa ba. Matar Nagumo ta ce ita ba ta hawa motar mutane, sai takarda ta ce tata ce. Kullum da safe ta fito da tsumma ta goge ta, ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna, ta riƙe sitiyari, ta fito ta kulle. Doka ta ba da kwana goma sha biyar a mayar da suna. Ranar jan baki ita ce ta huɗu.

A hanyarmu ta dawowa ba ta ce uffan ba har muka wuce gonakin kabeji. Ni kuwa shiru yana sa mini ƙaiƙayi. Na ce mata, Uwargida, hatimi dai an gane na maigida ne, to jan bakin na wane ne? Shekara arba'in muna maƙwabtaka ban taɓa ganin leɓenta da wani launi ba sai na miya. Na ce ko Malam Iwase ba mota kaɗai ya sayar ba. Ta ce in dubi hanya, motar ba tawa ba ce.

Da yamma ɗanta Noboru ya bugo waya daga Saitama, inda yake aiki. Tatsuko tana can ta kai mata dafaffen kabewa, ita ta kwaso mini komai. Noboru ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa tun da ya ga ubansa a kwance. Ya ce mata ta daina wahalar da kanta. Shi yana da hatimin rajista, ranar Litinin ta sama, wato cikar kwana sha biyar, zai ɗauki hutu ya zo a sa motar da sunansa, ita ta riƙa tuƙawa. Me ya bambanta? Daga nan sai bakinsa ya suɓuce, ya ce hakan ma ya fi, in ta cika saba'in sai a zauna a duba ko tuƙin ya isa haka. Shekararta sittin da takwas. Ta gane sarai. Mota in da sunansa take, ranar da ya ga dama zai sayar, ko ya yi kuka yana sayarwa. Ta ce masa to, sai ya zo, ya gaida yara. Ta ajiye waya ta ci gaba da cin kabewa, ba ta bar ko ɓawo ba.

Washegari da sassafe na ga ta fito da tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi. Na hau keke na bi ta, ba a gayyace ni ba. Akwai shago a babban kanti da inji ke yanka hatimi cikin awa guda, amma ta wuce shi ta shiga lungun bayan tasha, wurin tsoho Kazama, wanda ya sassaƙa na Shozo lokacin aurensu. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, warin tawada da katako ya kama ko'ina. Kazama ya saurare ta da gilashin ƙara girma a goshi. Labarin jan baki ya riga mu isa, ban san ta wace hanya ba, amma ya yi kamar bai ji ba.

Da farko ta fito da na Shozo ta ajiye a kan tebur. Ta tambaya ko za a iya gyara shi ya zama nata, tun da ƙahon mai kyau ne. Kazama ya ce ana yi mana. Za a kankare fuskar a shafe sunan da ke kai, a sassaƙa sabo. Bai rufe baki ba ta fizge hatimin ta dunƙule shi a hannu, kamar an ce za a yanke wa Shozo yatsa.

To, sai sabo. Kazama ya tambaye ta wane suna za a sa: na gida, ko na yanka, ko duka biyun. Ya ce mata dai a al'ada sunan yanka kaɗai suke sawa, domin na gida na aro ne, aure kan kawo shi, aure kan tafi da shi. Nan na samu ƙofa. Na ce ashe abin ya tabbata, jiya jan baki, yau ana shirin sauya sunan gida, a gaya mana rana mu wanke riga. Kazama ya ce in ban yi shiru ba zai sassaƙa mini “mai surutu” a goshi kyauta. A nan na gane ashe taswirar ma ta zaga gari.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon farar takardar da ya miƙo mata. Na san abin da ke cin ta, don na san ta: gani take in ta bar Nagumo a waje kamar ta bar Shozo a bakin ƙofa cikin sanyi ne. Can ta ɗauki alƙalami ta rubuta Kinuyo, shi kaɗai. Ta ce rabonta da rubuta shi babu komai a samansa tun a jikin takalmin makaranta.

“Nagumo yana jikin ƙofa,” in ji ta. “Yana jikin buhun shinkafa. Yana jikin dutsen kabari, har an bar mini fili a gefensa. Wannan ɗaya dai a bar mini.”

Kazama ya jawo tiren guntayen ƙaho da katako na mata, sirara, don a al'ada na mace ba ya kai na mijinta kauri. Ta ture tiren. Ta zare murfin hatimin Shozo, mai farin gefen nan, ta ajiye a gabansa ta ce a yi mata wanda zai shiga wannan daidai, kada ya yi girgiɗi. Kazama ya ce wannan ai awon maza ne, shekara hamsin yana sana'ar bai taɓa yi wa mace mai wannan kauri ba. Ta ce to ya fara yau. Ya tambaya, shi na Shozo fa, haka za a bar shi kai a buɗe? Ta ce shi ya gama aiki, zai zauna a gaban hotonsa inda take kunna turare, a cikin ɗaki ba a bukatar hula.

Ya ce kwana goma. Ta ce bakwai. Ya ce hannunsa ba inji ba ne. Ta ce shi ya sa ta zo wurinsa. Suka tsaya a kan Juma'a mai zuwa da safe, ranar aiki ta ƙarshe kafin Litinin ɗin Noboru.

Makon nan ban bar ta ta sarara ba. In ta fito shanya sai in leƙo ta shinge in tambaya ko ango ya aiko. In ta wuce ta gaban shago in daddanna ƙararrawar keke in ce a ba amarya hanya. Tatsuko ta maka mini jarida a ƙeya ya fi sau biyar. Ita kuwa matar Nagumo ko ta kula, ko ta ce in je in nemi abin yi. Amma wata rana da hantsi na hango ta ta taga tana zaune a gaban tebur da guntun karas a hannu, tana dangwalawa a tawada tana bugawa a bayan tsohuwar kalanda, layi-layi. Kazama ya gaya mata hatimin rajista ba a yi masa alamar sama da ƙasa, da gangan, don mutum ya tsaya ya duba fuskarsa, ya sake tunani, kafin ya amince da abu. Shekara arba'in da huɗu tana ɗaukar hatimi zuwa ofisoshi, amma ko dai Shozo ya buga a gida, ko akawu ya karɓa ya buga mata. Ranar ban daddanna ƙararrawa ba.

Juma'a ƙarfe tara muna ƙofar Kazama. Idanunsa sun yi ja, ya ce saura gefe ɗaya bai gamsu da shi ba, mu zauna. Muka zauna har sha ɗaya da rabi muna shan shayi mai ɗaci, ita tana kallon agogo, shi yana hura ƙura yana karce abin da ni ban ga komai a wurin ba. Da ya gama ya buga a farar takarda ya tura mata. Layuka ne ja a murɗe, ni ban iya karanta su ba, ita ma sai da ya bi mata da tsinke. Sannan ya ɗauki tsohon murfin ya ɗora. Ya shige da ɗan sauti, ƙyas, kamar tare aka haife su.

A ƙaramar hukuma mun iske layin masu neman takardar haihuwa da na sauya adireshi, sai ƙarfe biyu saura aka miƙo mata shaida. Tagar birni ƙarfe huɗu take rufewa, tafiyar kuma awa ɗaya da rabi ce in babu tarakta a gaba. Akwai tarakta a gaba. Tun daga gada har kwanar ma'aikatar katako muna bin bayanta, matar Nagumo tana taka birkin da babu shi a ɓangarenta, tana gaya mini inda ya kamata in wuce. Ta ce da ita ke tuƙi da tuni mun isa. Na ce ai ita ba ta hawa motar mutane. Ta ce ni ai na saba.

Huɗu saura kwata muka shiga. Yarinyar nan ce dai a taga ta uku, ta gane mu, ta jawo kwalin takardar goge tawada kusa da hannunta. Matar Nagumo ta sa tabarau. Ta fito da hatimin, ta zare hular Shozo ta ajiye a gefe, ta juya fuskar tana dubawa, ta daɗe, har wani dillali a baya ya fara kallon agogo. Ta dangwala a hankali. Ta ɗora, ta danna, ta ɗan jujjuya hannu yadda Kazama ya nuna mata, ta ɗaga. Zagaye ja tas, babu inda ya zarce. Yarinyar ta haɗa shi da na jikin shaida, ta ɗaga kai ta ce ya yi kyau ƙwarai, wa ya sassaƙa? Bayan ɗan jira aka kira ta aka miƙo mata sabuwar takardar mota.

Sai da muka shiga mota ta buɗe. Ta bi layin mai mota da yatsa, daga farko zuwa ƙarshe, ta sake komawa. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta dai ce in kashe rediyo.

Da yamma ita ta kira Noboru ta ce ya bar hutunsa, an gama. Tatsuko ce ta jiyo mini sauran. Ya ce Baba kullum sai ya duba mai da ruwa kafin a hau dutse. Ta ce masa Baba kallo yake yi, ita ke dubawa. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce zai aiko da tayoyin ƙanƙara, kuma in ta isa ta kira shi. Daga baya ya bugo mini a ɓoye, ya ce Baba Riki, don girman zumunci ka bi ta tafiyar farko. Na ce wa matar Nagumo ina marmarin taliyar bayan dutse ne. Tatsuko ta ce a tafi da ni, kunnenta ya huta wuni guda.

Asabar ta fito da motar daga rumfa da baya, ba ta leƙa madubi ba. Ta hau dutsen nan kwana bayan kwana, ganye ya fara ja a gefen hanya, ni ina riƙe da ƙofa da hannu biyu. Da muka tsaya a filin gidan tsofaffi sai ta sauke madubin gabanta, ta fito da jan bakin nan da ya dagargaje, ta lakato da ɗan yatsa ta shafa. Na buɗe baki ke nan ta ce in riƙe kwalin curin shinkafa in biyo ta.

A hanyar shiga take gaya mini, ba tare da ta dube ni ba, cewa shekara guda ke nan Yaya Fumi ba ta gane ta. Takan gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, ta tambaye ta ko ta ga ƙanwarta a hanya, yarinya ce, yau za a kai ta gidan miji. A gefen gadonta akwai hoton safiyar bikin, Fumi tana tsugune tana shafa wa amarya jan baki. Shi ne ta sayi jan bakin ta ajiye a jaka, don ranar da za ta fara zuwa da motarta.

Mun iske tsohuwar a keken guragu a bakin taga, tana ninke tawul tana warwarewa. Ta ɗaga kai ta fara rusunawa irin ta gaida baƙi, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye tawul ɗin.

“Kinu,” in ji ta. “Kin shafa ya karkace. Zo nan.”

Macen da ta shekara arba'in tana ɗaukar buhu ta durƙusa a gaban keken ta miƙa fuska. Yayarta ta lashi babban yatsa ta gyara mata gefen leɓe, tana mita cewa kullum garaje take yi. Ni na ajiye kwalin na fita duba tayoyin mota. Tayoyin lafiyarsu lau, amma na daɗe ina dubawa.

Sai la'asar muka juyo. Ta kira Noboru, ta sai mini taliyar da na ce ina marmari, muka kama gangara. Rana tana dukan gilashi, ita tana tuƙi da hannu ɗaya tana wani ɗan amo a maƙogwaro. Na so in kira ta da sunanta ko sau ɗaya, in ji yadda zai zauna a bakina, amma kunya ta hana ni, shirun kuma ya fara yi mini ƙaiƙayi. Sai na ce, to Uwargida, an ci gaba, yau dai an sa shi a baki ba a takardar gwamnati ba, amma ta riƙa duba jaka, kada wata rana ta shafa hatimi a leɓe.

Ba ta ko juyo ba. Ta sauya giya ta sha kwana.

“Ni dai da jan bakin da hatimin duk a jakata suke, Riki. Kai in mun isa gida ka roƙi Tatsuko ta nuna maka naka, ko daga nesa ne, ku gaisa.”